Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumar AFL: ku daina sayar da rago a kuɗin zakara

Zuwa ga shugabannin hukumar ƙwallon ƙafa ta Ostireliya, wato AFL, musamman yallaɓai Andrew Dillon da masu kula da sashen wasa,

Ranku ya daɗe, ina gaisuwa, ya aiki ya kuma jama'a.

Ni ba kowa bane, wani Bahaushe ne kawai da zama ya kawo shi Melbon, ya shigo garin bai san komai akan wannan ƙwallon taku mai kamar ƙwai ba, sai da maƙwabta suka ja ni filin wasa sau ɗaya sau biyu, daga nan kuma shikenan abu ya shiga jini. Kulob ɗin da Allah ya haɗa ni da shi North Melbourne ne, to kun ga ai ba sai na yi muku dogon bayanin irin haƙurin da nake ciki ba, rabon mu da kofi tun 1999, kuma ni lokacin ko labarin wasan ban taɓa ji ba balle in ce na ɗanɗana daɗin. Da Hausa nake rubuta muku, na san ba lallai ku ji ba, amma ɓacin rai da harshen uwa ya fi fita, sannan akwai 'yan uwana da kullum suke tambayata wai me yasa duk watan Nuwamba sai in yi ta ƙorafi a waya kamar wanda aka cinye wa gado, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Saboda su 'yan uwan nawa bari in ɗan yi shimfiɗa, ku yi haƙuri ku da kuka san abun. A wannan gasar kulob 18 ne, kuma ba a sayen yaro da kuɗi yadda ake yi a ƙwallon Turai. Duk ƙarshen shekara ana tara samari 'yan wajen shekara 18 da suka fi iya wasa a faɗin ƙasar, sai kulob-kulob su shiga layi suna ɗauka ɗaya bayan ɗaya, wannan shi ake kira diraf, tun 1986 ake yi. Wanda ya zo na ƙarshe a teburi shi ke da lamba 1, wanda ya ci kofi shi ke bayan layi. Hikimar a fili take, wanda ya fi jin yunwa shi zai fara sa hannu a akushi, don kada gasar ta koma ta wasu 'yan tsiraru kullum su su su. Wallahi lokacin da aka fara min wannan bayanin sai da na ce kai, waɗannan mutanen sun yi tunani.

Amma layin yana da ƙofofin gefe guda uku. Ta farko ita ce dokar uba da ɗa, in uban yaro ya buga wa wani kulob wasa 100 to kulob ɗin na da hakkin riƙe ɗan. Ta biyu makarantun horar da yara na kulob huɗu na arewacin ƙasar, Sydney da GWS (wato Greater Western Sydney) da Brisbane da Gold Coast. Ta uku kuma makarantun da sauran kulob ɗin ke da su don 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da 'ya'yan baƙi irinmu, wadda kuke kira NGA. Yaron da ya fito ta ɗaya daga cikin ƙofofin nan, a daren diraf wani kulob zai iya taya shi da lambarsa, sai a juya ga masu shi a ce to an taya, za ku biya ku riƙe ko kun sallama. In za su riƙe sai su biya da maki, wato darajar da aka yanka wa kowace lamba ta layin. To nan ne gizo ke saƙar.

Tun farko ina so ku fahimce ni, ban zo in ce ku soke dokar uba da ɗa ba. Ni Bahaushe ne, mu da muka taso muna ganin ɗan maƙeri a bakin maƙera, ɗan mahauci a bakin rumfar ubansa, ba mu ne za mu ce gado abin banza bane. Na san tarihin dokar, tun wajen 1949 take, kuma sunan Ron Barassi ne ke maƙale da ita, yaron da ubansa ɗan wasan Melbourne ne ya rasu a yaƙin duniya na biyu a Tobruk a 1941, kulob ɗin ya ga bai kamata maraya ya ƙare a wani gida ba. Wa zai ƙi wannan? Ranar da Collingwood suka ci kofi a 2023 na ga Peter Daicos ya rungume 'ya'yansa biyu Josh da Nick, ga kyaftin Darcy Moore shi ma ɗan tsohon ɗan wasansu ne, ni da ba na son Collingwood ko kaɗan sai da abun ya taɓa ni. Don haka ba gadon nake faɗa da shi ba. Farashin nake faɗa da shi.

Ku tuna yadda abun ya faro. Da can ai kusan kyauta ake ɗauka, Geelong suka samu Matthew Scarlett a lamba 45 a 1997, suka samu Gary Ablett ƙarami a lamba 40 a 2001, suka samu Tom Hawkins a lamba 41 a 2006, kuma kowa ya san Hawkins ba yaron lamba arba'in da wani abu bane a shekarar. Sai ga kofi a 2007 da 2009 da 2011. Kuka ce to a gyara, kuka kawo tayi a 2007, amma biyan shi ne kawai kulob ya bada lambarsa ta gaba ko da ina take. Sai 2014 ta zo, Melbourne suka taya Isaac Heeney, yaron makarantar Sydney, da lamba 2, Sydney da suka buga wasan ƙarshe a shekarar suka miƙa lamba 18 suka tafi da yaro. Gari ya ɗauki kuka. Sai a 2015 kuka fito da teburin maki, lamba 1 maki 3000, lamba 2 maki 2517, lamba 3 maki 2234, lamba 4 maki 2034, haka yana ta sauka har lamba 73, sannan kuka ƙara da ragin kashi 20 cikin 100 ga mai riƙewa. A takarda abun ya yi kyau sosai, kamar an kawo ma'auni kasuwa.

Sai dai ma'aunin naku mudu ne mai ƙasa a lotse. Ga misali ɗaya da kowa ya sani. A 2021 Gold Coast suka taya Nick Daicos da lamba 4. Maki 2034, a cire ragi ya dawo kusan 1627. Collingwood suka zaro lamba 38 da 40 da 42 da 44 suka ajiye a tebur, lissafi ya cika, aka tafa. To dan Allah ina tambayarku, a duk kulob 18 ɗin nan akwai wanda in yana riƙe da lamba 4 za a zo masa da 38 da 40 da 42 da 44 ya ce na sallama? Ko kallon mutum ba zai yi ba, albarka zai ce tun kafin a gama magana. Abun da babu ɗan kasuwa ɗaya da zai yarda da shi a ciniki na gaskiya, shi ne ku kuka rubuta a matsayin farashin hukuma. Kamar a ce rago na layya ne a kasuwa, kowa na biyan kuɗin rago, sai a ce wane tunda a gidan ubansa aka haifi ragon ya kawo zakaru huɗu ya ja abinsa. Zakaru huɗu nama ne ba a musu, amma ba a layya da su.

Kuma wani abu da masu kare tsarin basa son a faɗa, waɗannan lambobin na talatin da arba'in yawanci kulob ɗin ba ma amfani zai yi da su ba, don gurbin sabbin 'yan wasa da kowane kulob ke da shi a shekara kaɗan ne, uku huɗu biyar. Wato da kayan da za a zubar ake biya. Shi yasa watan musayar 'yan wasa ya zama kasuwar 'yan canji, kulob ɗin da ya san yana da ɗan gado mai zuwa sai ya sayar da lambarsa ta sama tun da wuri, ko dai ya karɓo babban ɗan wasa da ita ko ya tura ta shekara mai zuwa, sannan ya bi gida gida yana tattara ƙananan lambobi kamar mai neman canjin dubu ɗaya. Ya ci sau biyu kenan, ya ci da lambar da ya sayar ya kuma ci yaron. A 2018 da kuka fara barin a yi musaya ana tsakiyar diraf, Sydney suka ajiye lambarsu a hannun West Coast kafin a taya Nick Blakey, aka taya a lamba 10 suka biya da na ƙasa, suna gamawa suka koma suka karɓo wata lamba mai kyau. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, wayo ne, duk manajan da bai yi haka ba ma ai sai a ce bai san aikinsa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, ku ne kuka bar ƙofar a buɗe.

Yanzu bari in zo kan wanda ya fi min ciwo. A 2022 mu North muka zo na ƙarshe shekara biyu a jere. Daren diraf, bayan mun riga mun yi musayar lamba 1 ɗinmu, muka taya Will Ashcroft da lamba 2, Brisbane da suka kai wasan kusa da na ƙarshe a shekarar suka riƙe shi da tarkacen lambobi, kuma a daren dai suka sake riƙe Jaspa Fletcher a lamba 12, shi ma ɗan gado. Mun samu Harry Sheezel da George Wardlaw, alhamdulillah ba mu raina ba, Sheezel har kyautar matashin ɗan wasa na shekara ya ci a 2023. Amma ku dubi abun da ya biyo baya. Brisbane suka je wasan ƙarshe a 2023, suka ci kofi a 2024, Will Ashcroft ne gwarzon ranar ya ɗauki lambar yabo ta Norm Smith. Bayan wata biyu kacal, su masu kofi da ya kamata a ce suna can ƙarshen layi, sai ga su da ƙaninsa Levi Ashcroft a lamba 5, wanda mutane da yawa ke ganin ya isa lamba 1, suka biya da lambobi huɗu na arba'in da wani abu. Suka sake cin kofi a 2025, Will ya sake zama gwarzo. Muka ce to yanzu kam ai sun jira, sai ga su kuma da Daniel Annable a lamba 6 daga makarantarsu. Ga shi kuma sun ɗauke Oscar Allen kyaftin ɗin West Coast, kulob ɗin da wasa ɗaya tak ya ci a kakar gaba ɗaya. Haba jama'a. Marcus Ashcroft ya buga wa Brisbane wasa 318, ya cancanci ya ga 'ya'yansa a rigar, ban ce a hana ba, amma a ce mai kofi biyu a jere yana shiga cikin goman farko duk shekara ba tare da ya ji a jikinsa ba, to ina amfanin layin da kuka ce mu tsaya?

Kuma ba yaron da aka riƙe kaɗai ake asara ba, wannan shi ne abun da ba a cika lura da shi ba. Duk tayin da aka biya sai layi ya ƙara tsawo, kowa ya ja baya taki ɗaya. A 2023 Gold Coast suka riƙe yara huɗu, Jed Walter a 3, Ethan Read a 9, Jake Rogers a 14, Will Graham a 26, zagayen farko da ya kamata ya ƙare a 18 sai da ya kai 29. West Coast da suka zo na ƙarshe sun samu Harley Reid a lamba 1, to amma lambarsu ta biyu da a lissafi 19 ce sai ta koma 30. Wasan da ake sa mutum 18 a fili kowane ɓangare, yaro ɗaya komai iyawarsa me zai yi? A 2025 kuwa cikin shida na farko huɗu duk masu su sun riƙe, Zeke Uwland da Dylan Patterson zuwa Gold Coast, Harry Dean zuwa Carlton, Annable zuwa Brisbane. Richmond da suka zo na biyun ƙarshe sai a lamba 7 suka fara ɗaukar mutum, sun tsaya suna kiran sunaye ana cewa wannan da mai shi, wancan ma da mai shi, kamar wanda ya je kasuwa da kuɗinsa a hannu duk abun da ya nuna a ce an riga an saya.

Na san amsar 'yan arewa, kuma gaskiya ba amsar banza bace, zan faɗe ta da kaina don kar a ce na ɓoye. Kulob 10 cikin 18 a jihar Victoria suke, wasan ƙarshe kusan kullum a filin MCG ake yi a nan Melbon, su kuwa duk sati biyu suna jirgi. Yawancin yaran diraf daga kudu suke fitowa, a kai su Brisbane ko Gold Coast su yi shekara biyu uku kewar gida ta kama su su ce za su koma. A 2013 Brisbane ta rasa matasa biyar a lokaci ɗaya, cikinsu har da Elliot Yeo da Sam Docherty. Gold Coast a 2018 kyaftin ɗinta biyu Tom Lynch da Steven May duk suka tafi, tun da ta shigo gasar a 2011 sai 2025 ta fara shiga wasannin neman kofi. Sannan a Queensland da New South Wales rugbi ne sarki, yaro irin Heeney in ba don makarantar Sydney ba da wataƙila wani wasan yake yi yanzu. Duk na yarda. Makarantun nan su suka ƙara yawan yaran da ake rabawa, kuma wanda ya yi noma yana da hakki a kan amfanin gona. Mu ma kanmu mun san zafin komawa gida, Jason Horne-Francis da muka ɗauka a lamba 1 a 2021 shekara ɗaya ya yi ya tattara ya koma Port Adelaide.

Amma hakkin riƙewa daban, araha daban. Babbar garaɓasar ita ce kai kaɗai ne kake da ikon cewa wannan yaron nawa ne ko da wa ya taya, wannan kaɗai ya isa lada. To ragin kuma na meye a kai? An ba ka fifiko sannan an rage maka kuɗi sannan an yarda ka biya da kuɗin da ba ya ciwuwa a ko'ina sai a wurin, garaɓasa uku a kan kaya ɗaya.

Sannan shi gadon ma ai ba kowa ke da uban da zai bar masa ba. GWS sun shigo 2012, 'ya'yan 'yan wasansu na farko har yanzu yara ne ƙanana. Fremantle 1995, Port Adelaide 1997, an yi musu wasu sharuɗɗa na tsoffin gasannin jihohinsu amma ba a haɗa su da Collingwood ko Geelong ko Carlton masu zuri'a sama da shekara 100. St Kilda kuwa tsoho ne amma Allah bai ba shi rabo ta nan ba, kofi ɗaya tak a 1966, shi yasa da shugabansu Andrew Bassat ya fito a 2024 ya caccaki tsarin a bainar jama'a, mutane suka yi ta masa dariya wai kukan rashin nasara ne, ni dai ban yi dariya ba. Ko mai kuka ne ya ce maka gemunka ya kama wuta ai ka shafa tukuna.

Don kar a ce na ga na wasu ban ga namu ba, mu ma North mun ci. Luke McDonald ɗan gado ne muka riƙe shi a 2013, mun riƙe wani ta NGA a lamba 8 a 2018, kun ba mu tallafin ƙarin lambobi da muka kwanta a ƙasan teburi, kuma da Ben McKay ya tafi Essendon a 2023 kun biya mu diyya da lamba ta can sama wadda har ni sai da na ji kunya kaɗan. To amma ku lura, wannan ma alamar ciwon ce. Kun lalata layi ta gefe ɗaya sai ku zo kuna toshewa da kyauta ta ɗaya gefen, kyautar kuma ta sake tura wasu baya, su ma su zo suna kuka a ba su. Faci a kan faci har ba a gane asalin rigar.

Maganar NGA kuma ta shafe ni kai tsaye, don ina da yaro yana buga na yara duk safiyar Asabar, ana sanyi kamar me ina tsaye a gefe da shayi a kofi, kuma tunda ni a Afirka aka haife ni, irin su ne aka ce an yi tsarin dominsu. In Allah ya sa ya yi nisa to watarana shi ma za a iya taya shi. Ina son tsarin ya rayu, na ga abun da su Majak Daw haifaffen Khartoum da Aliir Aliir suka yi wa zukatan yaranmu baƙaƙe a garin nan. Amma ku dubi yadda kuka yi ta wasa da dokar. A 2020 Adelaide da suka zo na ƙarshe suka taya Jamarra Ugle-Hagan da lamba 1, Western Bulldogs suka riƙe, aka yi ihu, sai kuka ce daga 2021 ba a riƙe ɗan NGA a cikin 20 na farko, daga baya ma kuka mai da shi 40. Melbourne da suka raini Mac Andrew suna ji suna gani Gold Coast ta ɗauke shi a lamba 5 a 2021. Sai a 2024 kuka sake buɗe ƙofar gaba ɗaya. Wato sa'ar kulob ta dogara ne da shekarar da aka haifi yaronsa. Da tun farko farashin kuka gyara da ba a yi wannan rufe-buɗe ɗin ba, don ba riƙe Jamarra bane ya ɓata wa mutane rai, abun da aka biya ne.

Na yaba da gyaran da ya fara aiki a 2025, kun rage ragi zuwa kashi 10, kun tsayar da maki a lamba 54, ƙananan lambobi sun rage daraja. An ji a jiki kaɗan, na ga kulob-kulob suna haɗa gumi kafin su tara maki. Amma ku da kanku kun ga abun da ya faru a daren, Gold Coast ta karɓo Christian Petracca daga Melbourne a watan musaya kuma duk da haka ta riƙe yara biyu a cikin biyar na farko. In har ana iya wannan to har yanzu kayan na da araha.

Abun da nake roƙo ba mai wuya bane. Ku cire ragin gaba ɗaya, ko in dole sai an bar shi to a bar wa na ƙasan teburi kawai, wanda ya ƙare a huɗun farko ma kamata ya yi a ɗora masa ƙari, don shi tsarin diraf ai dama an yi shi ne ya ɗan danne na sama. Sannan ku ƙayyade adadin lambobin da za a biya da su, biyu sun isa, in an taya yaronka a cikin goma na farko to dole ɗaya daga cikin biyun ta kasance ta zagayen farko, ka je ka nemo ta ko da za ka rabu da ɗan wasan da kake so, haka kowa ke yi in yana son hawa sama. Wannan kaɗai zai kashe kasuwar 'yan canjin. Bashin maki da ake ɗagawa zuwa baɗi in makin kulob bai cika ba, shi ma a cire shi daga lambar farko ta kulob ɗin ba daga wata can ƙasa ba. Kuma teburin makin ku riƙa sabunta shi da cinikin da kulob-kulob suka yi da junansu a zahiri, ai duk takardun musayar nan a ofishinku suke, kun fi kowa sanin nawa ake sayar da lamba 5 in ba hukuma ce ta yanka farashi ba.

Akwai kuma wata matsala da ban san yadda za ku yi da ita ba amma dole in faɗa, shi kansa tayin ba kullum yake zuwa a inda ya dace ba. A 2021 mutane da yawa na ganin Daicos ne ya fi kowa, amma mu da lamba 1 ba mu taya shi ba, GWS suka taya Sam Darcy a 2 masu shi suka riƙe, suka ɗauki Finn Callaghan a 3, sai a 4 aka kira sunan Daicos. A 2022 GWS ba su taya Ashcroft a 1 ba suka ɗauki Aaron Cadman kai tsaye. Na gane dalili, kowane kulob na son ya ce wa yaronsa kai ne zaɓinmu na farko, kuma ba wanda ke son ɓata da maƙwabcin da gobe zai nemi musaya a wurinsa. Amma kowane taki ɗaya da tayi ya sauka ɗaruruwan maki ne suka zube, daga 3000 zuwa 2034 kusan dubu kenan. Gwanjon da masu tayi ke jin nauyin mai kaya ai sai dai a kira shi wani abun.

Abu na ƙarshe, duk abun da za ku yi ku sanar da wuri ku kuma tsaya a kansa. Kulob na tsara shekara biyu uku gaba, suna sayar da lambobin baɗi tun bana, in kuka canza doka a tsakiya wanda ya riga ya ci ya ci, wanda yaronsa ke tafe shi zai biya kuɗin kowa, kuma zai yi kuka da gaskiyarsa. Ga sabon kulob na jihar Tasmania na shigowa a 2028, an san za a ba su lambobin sama da yawa don su tsaya da ƙafarsu, wato layin zai ƙara cunkushewa. In ba ku gyara farashin kafin nan ba, kulob ɗin da ya faɗi ƙasa a waɗannan shekarun zai daɗe bai tashi ba, kuma ina da ƙwaƙƙwaran zaton ko wane kulob ne zai kasance a wurin.

Na riga na sabunta katin zama ɗan kulob na baɗi, nawa da na yaron, shi har ya fara tambayata ko in ya girma North ce za ta ɗauke shi, na ce masa ya bari tukuna mu ga nawa za a taya.

Ku huta lafiya.

Naku,
wani mai goyon bayan North Melbourne daga arewacin Melbon